Wayar da Bai Kamata a Gyara Ba

Ranar da matarsa za ta zauna jarrabawar lasisin ungozoma, Injiniya ya wayi gari ba shi da wurin aiki. Ba korarsa aka yi ba, doka ce ta hukumar jarrabawar. Duk ma'aikacin cibiyar da ke da mata ko ɗa ko ƙane a cikin masu zama, ranar ba zai taka ƙofa ba, ba zai taɓa ko igiyar wutar wurin ba. In ya taɓa, ba shi za a kama ba, nasa ɗin da ke ciki za a soke wa jarrabawa. Shi ya sa mutumin da ya haɗa kowace na'ura a cibiyar nan da hannunsa yake zaune a kan benci a bakin titi, ƙarƙashin rumfar mai lemo, da jakar kayan jaririya a cinya.

Surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana gefe da jaririyar a kafaɗa. Ta biyo su ne don uwar na fitowa a miƙa mata ta shayar.

Sau biyu matarsa tana zama tana faɗuwa, kuma hukumar ba ta ba da dama ta huɗu. Wannan karon da ciki ta fara karatun, da goyo ta ƙarasa shi. Injiniya ya sha ganinta tana wanki da littafi a jingine a jikin bokiti, tana amsa wa kanta tambayoyi tana murɗe zani.  Yana tausayinta, kuma yana tsoron ranar fiye da yadda ya bari ta gani.

Cibiyar gini biyu ce, titi ya ratsa tsakaninsu: tsohon gini a hannun dama, sabo a hagu. Matarsa tana sabon. A kowane gini akwai babbar kwamfuta guda, irin wadda 'yan aikin ke kira saba. Ta tsohon gini ya sa mata suna Babba, ta sabon gini Ƙarami. Ita jarrabawar kanta a cikin wata kwamfuta take wadda ba ta da jiki, manhaja ce kawai da ke zaune a cikin Babba, ana iya tayar da ita a cikin Ƙarami in an so. Duk amsar da wani ya danna, Babba zai rubuta, ya aika wa Ƙarami kwafi ta wata waya da aka binne a ƙarƙashin titi. In Babba ya mutu, Ƙarami zai ɗauka daga inda aka tsaya kafin mai jarrabawa ya gama sosa kai. Da wannan aikin Injiniya yake taƙama, har ya kan kashe Babba da gangan a gaban baƙi don su ga babu abin da ya motsa.

Tun safe masu gyaran bututun ruwa suke haƙa a bakin titin da katafila. Ƙarar ta hana jaririyar barci, Inna sai tsaki take yi. Rana ta ɗan ɗaga sai ƙarar ta tsaya, direban ya leƙo yana kallon cokalin katafilarsa. A haƙoran cokalin wata waya ce ruwan lemo take reto, ta tsinke biyu.

Injiniya ya miƙe tsaye, jakar ta faɗi ƙasa. Ya san wayar. Shi ya tsaya a kai ranar da aka binne ta.

"Lafiya, Baban Yarinya?" in ji Inna.

 Ya zuba wa ƙofar sabon gini ido, yana roƙon Allah ya ga an buɗe ta, masu sa ido sun fito suna faɗa, an ce na'ura ta tsaya. In ta tsaya ai da sauƙi: a dakata, a gyara, a ci gaba, babu wanda ya yi asarar komai. Ya jira. Ƙofa ba ta motsa ba. Maigadi yana kan kujerarsa yana kaɗa ƙafa. Na'ura ba ta tsaya ba ke nan, abin da Injiniya yake gudu.

Can sai ga Dogo, mataimakinsa, wanda aka bar wa aikin ranar, ya fito daga sabon ginin baki har kunne. Ya tsaya daga cikin ƙofa, Injiniya ya tsaya daga waje, ƙarfen ƙofar a tsakaninsu.

"Maigida, aikinka ya yi!" in ji Dogo. "An tsinke waya amma ko gezau. Allon sabon gini ya ɗan ƙyafta, shi ke nan, kowa ya ci gaba. Wallahi da kana ciki da ka yi rawa."

"Dogo, wa yake rubuta amsoshin tsohon gini yanzu?"

"Babba mana."

"Na sabon gini fa?"

"Ƙara..." Dogo bai ƙarasa ba. Dariyar ta tsaya masa a fuska.

Abin da ya faru ke nan. Da wayar ta tsinke, Babba ya daina jin Ƙarami, ya ɗauka ya mutu, ya ci gaba da aikinsa. Ƙarami ma ya daina jin Babba, ya ɗauka ya mutu, ya tayar da tasa jarrabawar. Yanzu jarrabawa biyu ake yi, kowane yana rubuta amsoshin gininsa shi kaɗai. Da can akwai wata ƙaramar kwamfuta ta uku da Injiniya ke kira Alƙali, ba ta da aiki sai raba irin wannan gardamar, ta ce wa ɗaya ci gaba, ta ce wa ɗaya dakata. To kwanakin baya shugaban cibiyar ya gan ta a kusurwa, ya ce ga kwamfuta zaune tana shan wuta a banza, ya sa aka kai wa sakatariyarsa. Injiniya ya yi magana, aka ce za a sayo wata. Kowa ya san irin wannan za a sayo ɗin. Sai ya saita biyun su yi aiki ba Alƙali kafin a kawo.

Wannan duk da sauƙi. Masifar tana wajen haɗuwa. Umarnin da ke kansu shi ne, duk sanda suka rabu suka sake jin juna, Ƙarami ya zubar da abin da ke hannunsa ya kwafi na Babba. A ranakun da ba komai umarni ne mai kyau, yana hana a kira mutum daga gida. Yau kuwa, wayar nan na haɗuwa, duk abin da mutanen sabon gini suka danna tun tsinkewarta zai goge kamar ba a yi ba. Kuma an taɓa yin irin haka a wata cibiya. Hukumar ta ce na'ura ta nuna masu jarrabawar sun shiga sun zauna, saboda haka an ƙirga musu zaman a cikin damarsu.

"Shiga ɗakin Babba ka zare wayar daga bayansa," in ji Injiniya. "Shi ke nan. In an tashi sai mu kwashe na kowa daban."

"Ɗakin a rufe yake, Maigida, ka fi ni sani. Duka biyun an manna musu hatimi. Kalmar sirrin ma hedkwata sun canza tun jiya."

Ya sani. Haka ake yi ranar jarrabawa, shi ma ya sha yabon tsarin. Yana cikin neman wata dabara sai ga farar mota ta tsaya a bakin ramin, da tsani a samanta. Kamfanin gyaran waya ne. Mutanen da sai ka yi mako kana kiransu suna ce maka suna hanya, yau da ba a son su, sun iso kafin ƙasar ramin ta bushe.

Mutum ɗaya ne ya fito, mai furfura a gemu da tabarau a rataye a wuya. Ya kafa laima a kan ramin, ya sauka, ya jawo sauran wayar da aka bari a naɗe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan akwatinsa. Daga ganin yadda yake ajiye kayansa ka san ba ya wasa da aiki, kuma wannan ne ya fi tayar wa Injiniya hankali.

Ya tsuguna a bakin ramin, hannuwansa a baya don kada a ce ya taɓa.

"Sannu da aiki, Malam. Don girman Allah wata alfarma nake nema. Kada ka haɗa wayar nan yanzu."

Mutumin ya ɗago. "Kai ka tsinke ta?"

"A'a. Ni ne injiniyan wurin."

"To injiniyan wurin ne zai ce kada a gyara? Yau na ji sabon abu." Ya ci gaba da feɗe bawon wayar.

Injiniya ya yi masa bayani, ya kawo Babba, ya kawo Ƙarami. Mutumin yana ji yana aiki. A cikin wayar akwai zaruruwan gilashi sirara kamar gashi, kowane da launinsa. Ya ware su, ya goge, ya sa shuɗin a cikin wata 'yar na'ura, ta yi ƙara, ta narka bakin biyu ta haɗe. Ya ɗauko na gaba.

"Ɗan'uwa," ya ce, "ni ban san Babba ba, ban san Ƙarami ba. Hedkwatarku ta kira shugabana, shugabana ya kira ni. In an ce in tsaya, daga can za a ce."

"To bar mini biyun ƙarshe kawai. Mai ruwan hoda da mai launin sararin sama, su ne na Babba da Ƙarami. Sauran na kyamara ne da tarho, haɗa abinka."

"Ni ba na barin aiki rabi. Amma a jere nake bi, su ne ƙarshe. Je ka nemo mai ce mini in tsaya."

Injiniya ya ruga ƙofa. Ya roƙi maigadi ya kira masa shugabar masu sa ido. Maigadin da kullum yake karɓar masa jaka yau ya yi kamar bai san shi ba, sai da Dogo ya shiga ya kira ta. Dattijuwa ce, tsohuwar malamar asibiti, da waya ɗaya tilo da aka yarda a riƙe a cikin cibiyar. Ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba.

"Ranki ya daɗe, ba sai an buɗe ɗaki ba. Ki ce wa mutumin can ya dakata har a tashi. Abin da nake roƙo ke nan."

Ta kira hedkwata a gabansa. Yana jin muryar da ke can tana tashi: sabon gini ya ɓace musu daga allo, ba su ganin kowa, ba su san me ake yi a ciki ba, a haɗa waya maza ko su soke cibiyar gaba ɗaya. Ta maimaita musu abin da Injiniya ya ce, daidai yadda ya faɗa. Muryar ta tambayi wa ya faɗa. Shugabar ta faɗi gaskiya.

Da ta kashe wayar ta dube shi. "Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ka ji yadda abin yake a kunnensu. Mijin wata da ke ciki yana so a bar ɗakin matarsa a inda ba a ganinsa." Ta juya ga Dogo. "Kai ne a bakin aiki. Abin da ya faɗa haka ne? In ka tabbatar, in sake kira da sunanka."

Dogo ya dubi ƙasa, ya dubi sama. "To... mai yiwuwa ne, ranki ya daɗe. Shi ya saita. Ni ban taɓa ganin ya faru ba."

"Dogo!" in ji Injiniya. "Tare muka gwada!"

"Gwaji daban, Maigida."

Ba mugu ba ne Dogo. Tsoro ne, kuma tsoron nan ya ba Injiniya haushi har ya ji kamar ya finciko shi ta tsakanin ƙarafan. Shugabar ta ce ba za ta iya tsayar da gyara a kan mai yiwuwa ba. Ta ƙara da cewa, a hankali, wayar da ke cikin ramin can kayan jarrabawa ce, ko da a titi take. Yana jin ta? Ya ce yana ji.

Da ta matsa, ya kama hannun rigar Dogo ya kashe murya. "Kai ba ka da kowa a ciki. Sauka ramin ka riƙe hannunsa. Ni zan ɗauki laifin, wallahi ni zan ɗauka."

"In aka kore ni fa? Kai ko'ina za ka samu aiki. Ni wa ya san ni?" Ya zame hannunsa ya koma ciki.

Injiniya ya dawo bakin ramin. An wuce kore, an wuce ruwan ƙasa, ana kan fari. Ya kira shugaban cibiyar, waya a kashe, ai shi ma tasa tana cikin akwatin da ake kulle wayoyin ma'aikata ranar jarrabawa. Ya kira kamfanin gyaran, wata murya mai daɗi ta ce masa kiransa yana da muhimmanci, ta sa masa kiɗa. Ya waiga ya ga direban katafila zaune a inuwar tayarsa, ya yi tagumi. Sai wata shawara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa wa mai hankali a kwance. Ya je ya tsuguna a gabansa.

"Direba, ka taimake ni. Ka ɗan matsa gaba ka sake kafa cokalinka. Wayar ta bi ta can, kusa da sandar fitila."

Direban ya dube shi sama da ƙasa. "In sake tsinkewa?"

"Kuskure ne, ai ka riga ka yi ɗaya."

"Ɗayan ma tun ɗazu ake zagin iyayena a waya. Bawan Allah, in gwada ni aka turo ka yi, ka ce musu ba ka same ni ba." Ya tashi ya koma ɗaya gefen katafilar.

Inna ta iso da jaririyar, ta gaji da kallo daga nesa. Ba ta saba yi masa doguwar magana ba, shi ma haka, amma yau ta tsaya a gabansa sosai.

"Baban Yarinya, faɗa mini da Hausar da zan gane. Me zai sami 'yata?"

"Inna, in mutumin can ya gama aikinsa, duk abin da ta rubuta ya tafi."

"In bai gama ba fa?"

"Yana nan."

Ta dubi ramin. "To karɓi yarinyar. Ni in sauka in zauna masa a kan akwati, in ga mai ɗaga ni."

"Ke uwarta ce, Inna. In kika taɓa, kamar ni na taɓa."

"To wace irin doka ce wannan? A taɓa ta faɗi, a bari ta faɗi?"  Jaririyar ta farka ta fara kuka, Inna ta shiga jijjiga ta da ƙarfin da ya fi na rarrashi.

Injiniya ya koma ya durƙusa a bakin ramin, gwiwoyinsa a cikin laka. An wuce ja, an wuce baƙi. Ya daina bayani, roƙo kawai yake yi. Ya ce wa mutumin ya tafi ya sha ruwa. Ya ce ya duba haɗin baya ko akwai wanda bai kama ba. Ya ce masa matarsa ce, damarta ta ƙarshe ce, ga 'yarsu can. Mai gyaran ya ɗan sassauta hannu, ya goge tabarau, ya sake goge zaren da ya riga ya goge. Ya yi iya jinkirin da mutuncinsa zai ba shi. Sai wayarsa ta yi ƙara, shugabansa ne, ya ce saura kaɗan, ya ajiye.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Ni ma a ƙarƙashin wani nake."

Ya haɗa ruwan hoda. Saura ɗaya.

Injiniya ya waiga. Shugabar tana tsaye a ƙofa, idonta a kansa. Tun ɗazu take tsaye, kamar ta san abin da ke zuwa. Ya dubi tagogin sabon gini, ba a ganin kowa sai labule. A bayan ɗaya daga cikinsu matarsa tana danna amsa tana ganin alamar an adana, ita da ɗaki cike da mata irinta. Lissafin da ya iya yi a lokacin gajere ne. In aka goge, babu abin da zai nuna wa kowa. In amsoshin suna nan, ko an soke, akwai abin da zai ɗauka ya je ya yi kuka a kai. Ko lissafin daidai ne ko ba daidai ba, bai da lokacin sake shi, don mutumin ya riga ya ɗora zaren ƙarshe a na'ura yana rufe murfin.

Ya dira cikin ramin. Ya damƙi zaruruwan duka da hannu ɗaya ya murɗe. Ba su da ƙarfi ko kaɗan, suka karye kamar busasshiyar ciyawa. Akwatin ya kife a laka.

"Kai! Kai mahaukaci ne?" Mai gyaran ya cakumi wuyan rigarsa. "Aikin da na yi tun ɗazu! Ka san gilashi ne ka cusa a hannunka?"

Injiniya bai saki wayar ba. Ta saman ramin ya ga shugabar ta ɗaga wayarta ta kai kunne. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi fushi ba. Ya ga bakinta yana motsi, ya san lambar jarrabawar matarsa take karantawa.

Sauran lokacin a bakin titi ya yi shi, a zaune a ƙasa. Mai gyaran, bayan ya gama zaginsa, shi ya kama hannun ya shiga cire masa tsinken gilashin da ɗan hantsaki, yana cirewa yana tsaki. Sai an sake yanke wayar an fara daga farko, kuma ba a kai ko'ina ba aka buga ƙararrawar tashi. Ba a sallami kowa ba, don ba a sallama sai amsoshi sun isa hedkwata. Hedkwata suka ba da izini aka ɓalle hatimi. Dogo ya shiga ɗakin Ƙarami da shugabar a bayansa, ya zare wayar, ya kwashe abin da ke ciki, suka tsallaka titi suka yi wa Babba haka.

Shugabar ce ta fito ta same shi. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, ta ce ya zauna.

"Na gani da idona," ta ce. "Rabi a nan, rabi a can. Da an haɗa, da ɗakin nan duka ya tafi. Zan rubuta haka, ba zan rage komai ba."

"To nata fa, ranki ya daɗe?"

"Lambarta na ba su tun a lokacin. Sun soke."

"Amma amsoshinta suna ciki. Kin ce kin gani."

"Suna ciki. Ba za a duba su ba."

"Ana ɗaukaka ƙara?"

"Ana yi." Ta gyara mayafinta. "Na daɗe a aikin nan, ban ga wanda ya yi nasara ba. Amma ka yi. Zan sa hannu a kan abin da na gani."

Ta koma ciki. Inna ta ji komai, ta juya baya tana share ido da gefen zanin goyo.

Sannan aka buɗe ƙofar sabon gini. Mata suka fito a guje suna hayaniya, wasu na tafa hannu, wasu na gardama a kan wata tambaya. Babu wadda ta san an yi wani abu, sai dai an ɗan tsare su. Suka ratsa ta gefen ramin suna tattare zannuwa kada laka ta taɓa su. Ya hango matarsa a cikinsu. Rabon da ya ga tana tafiya haka, kai a sama, har ya manta.

"Inna! Kawo mini ita!" Ta karɓi jaririyar ta ɗaga ta sama tana dariya. "Baban Yarinya, wannan karon kam babu tantama. Kamar littafina suka buɗe suka kwaso. Hannuna ko rawa bai..."

Sai ta ga gwiwoyinsa. Ta ga rigar a yage, ta ga ƙyallen da aka ɗaure masa hannu. Ta dubi ramin, ta dubi uwarta.

Ya faɗa mata. Bai iya jera maganar ba, ya fara daga ƙarshe ya dawo farko, amma ta gane, don ta sha jin labarin Babba da Ƙarami a gida har ta gaji. Tana tsaye tana ji, jaririyar tana ta neman nono a jikin rigarta.

Wata mata da suka zauna kusa da juna ta zo wucewa, ta rungume ta ta baya. "Ƙawata, mun huta! Sai mun haɗu wajen karɓar lasisi."

"Allah ya kai mu," in ji matarsa, har da murmushi. Matar ta wuce.

Ta zauna a kan bencin mai lemo, ta juya wa titi baya, ta sa jaririyar a nono. Ya matso ya tsuguna a gabanta. Ya so ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta tambaye shi don me. Ya fara cewa zai je hedkwata da kansa, zai kai musu komai, shugabar ma ta ce za ta sa hannu. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Duka suna nan?" ta ce. "Abin da na rubuta?"

"Duka."

"Ba wadda ta ɓace?"

"Ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai, tana kallon kan jaririyar.

"To ka ce wa Dogo ya buɗe ya duba mini," ta ce. "Ba don su ba. Ni dai ina so in san ko na ci."